Amsa: asalin sunan Tar Heels da ragon Jami'ar Karolina ta Arewa

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya me ya sa ake ce wa ƙungiyar Jami'ar Karolina ta Arewa, wadda Michael Jordan ya buga wa ƙwallon kwando, Tar Heels, kuma me ya haɗa sunan da ragon da ke jikin rigunansu. Na ga wani ɗan'uwa ya amsa cewa Tar Heel sunan wani irin rago ne na Amurka. Allah ya saka masa da ƙoƙari, amma ba haka abin yake ba. Karatu ya kai ni yankin, aiki ya riƙe ni shekaru tsakanin Chapel Hill, garin da jami'ar take, da Durham, don haka bari in faɗi abin da na gani da abin da na karanta.

Sunan daban, ragon daban. Ba su fito daga wuri ɗaya ba, kuma sunan ya girmi ragon da shekara sittin ko fiye. Tun asali ma ba na jami'ar ba ne, laƙabin mutanen jihar ne baki ɗaya. Ma'anarsa mai kwalta a dunduniya, shi ya sa a wasu huluna da riguna za ka ga hoton tafin ƙafa da baƙin tabo a diddige.

Kwaltar da ake nufi ba ta titi ba ce, ta itace ce. Gabashin jihar a da dajin wata bishiya ce da suke kira longleaf, doguwa, miƙaƙƙiya, ganyenta kamar allurai masu tsawo, jikinta cike da ƙaro. A zamanin jiragen ruwa na katako, jirgi ba ya tafiya sai da abin da ake samu daga wannan bishiya. Da kwalta ake shafe igiyoyi don kada ruwan gishiri ya ruɓar da su. Idan aka dafa ta ta yi kauri, da ita ake toshe tsakanin alluna don kada ruwa ya shiga. Ingila ta daɗe tana sayen kayan nan daga Suwidin, har ta gaji da dogaro da wata ƙasa, sai majalisarta ta kafa doka a 1705 ta ba da tukuici ga duk wanda ya kawo su daga yankunanta na Amurka. Daga wajen 1720 har zuwa wajen 1870 Karolina ta Arewa ce kan gaba a wannan sana'a, garin Wilmington da ke bakin kogin Cape Fear kuwa shi ne babbar tashar fitar da kayan.

Wanda ya taɓa ganin masu ƙona gawayi zai gane aikin da sauri. Ana tara busasshen itacen da ya jiƙa da ƙaro, a faskara, a jera shi a kewaye a kan daɓen yumɓu mai gangare zuwa tsakiya, a rufe da ganye da ƙasa, a kunna wuta daga sama. Ba a so ta ci da harshe, so ake ta yi ta cin ciki a hankali kwana da kwanaki, zafi yana narkar da ƙaron yana gangarowa ta wani bututu zuwa rami, a kwashe a ganga. Dole wani ya tsaya a kai dare da rana, domin idan iska ta samu kafa duk wahalar ta tashi a banza, mai gadin ma yana iya ƙonewa. Akwai kuma aiki na biyu a kan bishiya mai rai: a sare rami a gindinta, a riƙa fere ɓawonta daga sama ana yi mata tsage, ƙaro yana zubowa cikin ramin, a kwashe a tace a fitar da man da ake haɗa fenti da shi, a da har fitila ake kunnawa da shi.

Na tsaya a gaban irin waɗannan bishiyoyi a wani keɓaɓɓen daji da ake kira Weymouth Woods, kusa da garin Southern Pines. Gani ya kori ji. Tabon yana nan a jikin wasu tsofaffin, tsage bisa tsage, hagu da dama suna haɗuwa a tsakiya, itacen ya yi fari-fari ya bushe, ɓawo ya naɗo ta gefe yana neman rufe ciwon bai iya ba. Kowane layi ɗaya hannun mutum ne ya sare shi, a tsakiyar zafi da sauro. A dajin nan akwai wadda aka ƙidaya shekarunta aka samu ta tsiro tun 1548. Dajin longleaf da a da ya kai wajen eka miliyan 90 daga Virginia har Teksas, abin da ya rage yau ɗan ƙalilan ne. Wannan sarar gindi tana kashe yawancin bishiyoyi cikin 'yan shekaru, shi ya sa da dajin Karolina ya ƙare, masu sana'ar suka gangara Jojiya da Florida.

To su wa suka yi aikin? Nan ne abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mafi yawansu bayi ne baƙar fata, jikokin mutanen da aka kwaso daga Afirka, sai kuma talakawan Turawa marasa gona. Aiki ne na ƙazanta, ana yinsa a ƙurmin daji nesa da iyali, sau da yawa ba takalmi, kwalta ta manne wa mutum a ƙafa da tufa. Ce wa mutum mai kwalta a dunduniya a lokacin raini ne, ana nufin ƙasƙantacce wanda ba shi da komai sai wahala.

Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 shi ya juya sunan. Karolina ta Arewa tana cikin jihohin Kudu na ƙarshe da suka ɓalle daga tarayyar Amurka, a watan Mayun 1861, ta kuma ba rundunar Kudu sojoji sama da 120,000. Sojojin wasu jihohi, musamman na Virginia, suka riƙa tsokanarsu da sunan. Su kuma suka karɓe shi suka mai da shi kirari, suka ce ai kwaltar ce ta sa ƙafarsu ba ta ɗagawa daga fagen fama lokacin da wasu ke ja da baya. Kafin yaƙin ya ƙare sunan ya shiga wasiƙun sojoji da jaridu.

Akwai labarai biyu da za a ba ka idan ka je, kusan kowane mai zagayawa da baƙi yana da su a baki. Na farko, wai a yaƙin neman 'yanci sojojin Ingila sun tsallake wani kogi da aka zuba wa kwalta suka fito da ita a ƙafa. Na biyu, wai Janar Robert E. Lee, babban kwamandan rundunar Kudu, da kansa ya sa wa yaran Tar Heel albarka bayan wani gumurzu. Duka biyun daga baya aka fara ba da su, kuma masana tarihin jihar a matsayin almara suke ɗaukarsu. Na lura ana son su ne saboda suna da daɗin ji, kuma babu bawa ko ɗaya a cikinsu.

Ita jami'ar an ba da izinin kafa ta a 1789, ta buɗe wa ɗalibai a 1795. Launinta na shuɗi mai haske da fari ya fito daga ƙungiyoyin muhawara biyu na ɗalibai da aka kafa tun shekarar buɗewar, ɗaya ta ɗauki shuɗi ɗaya ta ɗauki fari. Ta fara buga ƙwallon Amurka da wasu makarantu a 1888, kuma da yake ita ce jami'ar jiha, laƙabin jiha ya bi 'yan wasanta ba tare da an yi wani zama ba. A 1893 ƙungiyar wasanni ta ɗalibai ta fara buga jarida da sunan The Tar Heel, wadda har yanzu take fitowa da sunan The Daily Tar Heel. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, 'yan ƙwallon kwandon sun yi shekaru, daga wajen 1920 da wani abu har zuwa wajen 1950, ana ce musu White Phantoms, kafin kowa ya dawo ƙarƙashin suna ɗaya.

Yanzu ragon. Labarinsa gajere ne kuma a rubuce yake. A 1924 shugaban ɗaliban da ke jagorantar kirari a filin wasa, Vic Huggins, ya ga abokan hamayya kowa da dabbarsa, Jojiya da karenta, makwabtansu na Raleigh da kyarkeci, su kuwa ba abin da za a ja a kawo fili, don ba a jan dunduniya da igiya. Shekara biyu kafin nan, a 1922, suna da wani ɗan wasa Jack Merritt da ya yi suna wajen kutsawa cikin abokan karawa da ka, har aka yi masa laƙabi da rago mai tunkuyi, a shekarar da suka ci wasa 9 suka faɗi 1. Daga nan Huggins ya samo dabarar. Ya karɓi dala 25 daga ofishin wasanni, aka yi odar rago daga Teksas, aka raɗa masa Rameses. E, sunan sarakunan Masar ne na da, amma abin da ya ja su gare shi shi ne farkonsa ya zo daidai da kalmar rago a Turanci.

Ranar 8 ga Nuwamban 1924 aka fara kai shi fili, a wasan ƙwallon Amurka da makarantar soja ta Virginia. Har wasa ya kusa ƙarewa ba wanda ya ci. Wani ɗan wasa Bunn Hackney ya shafi kan ragon kafin ya shiga, ya buga ƙwallo daga yadi 30 ta shige, wanda maki 3 ne a wannan wasa, aka tashi 3 da 0. Shi ke nan rago ya samu gindin zama. Mu dai mun san shafar kan dabba ba ta kawo nasara, camfi ne, kuma yawancin waɗanda na zauna da su a can ma a matsayin wasa suke ɗaukarsa. Amma da ƙwallon nan ta kauce, da wuya a ce yau akwai rago a rigar.

Tun daga lokacin iyali ɗaya ne, iyalin Hogan, ke kiwon ragunan a gonarsu da ke wajen gari, kaka ya bar wa jika. Irin da ake kira Dorset ne, fari mai ulu, ƙahonsa ya murɗe ya zagayo gefen fuska. Na gan shi kusa da kusa a filin Kenan ranar wasa: an shafe ƙahonin da shuɗin fenti, an yafa masa bargo mai tambarin makaranta, mutum biyu na riƙe da shi, yara sun yi layi iyaye na ɗaukar hoto. Ganguna na tashi, dubban mutane na ihu, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana tsinkar ciyawar gefen fili. A da ɗaliban makarantun hamayya kan yi ƙoƙarin sace shi kafin babban wasa, har sai an sa masu gadi. A 1996 wani mutum ya shiga gonar da dare ya yanka wanda ke kai a lokacin, abin ya girgiza garin ƙwarai.

Wanda kake gani a talabijin yana tsalle a filin ƙwallon kwando kuwa ɗalibi ne a cikin kayan rago, an fara wannan a kakar 1987 zuwa 1988, tunda ba a shiga da dabba ɗakin wasa. A watan Maris na 2007 ɗalibin da ke sa kayan, Jason Ray, mota ta buge shi a New Jersey inda ya raka ƙungiyar gasa, ya rasu. Ya riga ya yi rajistar ba da sassan jikinsa, aka dasa wa marasa lafiya suka rayu, kuma asibitin jami'ar ya sa wa sashen dashe sunansa. A 2015 aka ƙaro ƙaramin rago mai sakin fuska saboda yara ƙanana da babban ke ba tsoro.

Saura magana ɗaya, don za ka ci karo da ita idan ka bincika. Bayan da masu zanga-zanga suka tumɓuke gunkin sojan Kudu da ake kira Silent Sam a harabar jami'ar a watan Agustan 2018, gunkin da ke tsaye tun 1913, sai a 2020 wasu suka ce sunan Tar Heels ma a sauke shi, tunda a bakin sojojin da suka yi yaƙi don bauta ta ɗore ya zama abin alfahari. Hujjarsu tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Jami'ar nan ba ta karɓi baƙar fata a karatun digirin farko ba sai 1955, kuma sai 1966 kocin ƙwallon kwando Dean Smith ya kawo Charlie Scott, baƙin fata na farko da ta ba gurbin karatu saboda wasa. Shekara 16 bayan haka Jordan ya jefa ƙwallon da ta ba su kofin ƙasa a kan Jami'ar Georgetown, 63 da 62.

Ni dai ina ganin a bar sunan. Gunkin an kafa shi ne musamman don girmama rundunar Kudu, sunan kuwa ya riga rundunar, kuma ƙafafun da kwaltar ta fara mannewa na ma'aikatan daji ne, ba na soja ba. Idan aka goge shi, su ne za a sake gogewa. Abin da nake so a gyara shi ne yadda ake ba da labarin. Duk ɗalibin shekarar farko zai ba ka labarin dala 25 da ragon Teksas ba gargada, amma kaɗan ne na tarar sun san wanda ya kwana yana gadin wutar kwalta. A harabar akwai wani ɗan teburin dutse da aka kafa a 2005 don tunawa da bayi da 'yantattun baƙar fata da suka gina makarantar, ƙananan mutum-mutumi na ɗauke da shi a hannu. Masu zagayawa da sababbin ɗalibai su riƙa tsayawa a wurin idan sun zo bayanin sunan, su fara da dajin longleaf da mutanen da suka yi aiki a cikinsa, sannan su zo kan yaƙi, sannan rago.