Fitilu a Jere a Sama, Taswira Babu Data, da Gyaran Kwamfutar 1977

Saƙonnin wannan makon kusan duk sama suka kalla. Na zaɓi guda 5, na rage tsawon wasu.

Tambaya: Malam, ran nan bayan magariba muna zaune a ƙofar gida muka ga wasu fitilu sun yi jerin gwano a sama, sun fi 20, suna tafiya babu ƙara. Wasu suka ce jiragen leƙen asiri ne, kakata kuwa ta ce alamar tashin duniya ce. Mene ne? Mai karatu daga Gusau.

Amsa: Ka kwantar wa Iya da hankali. Yadda ka siffanta su, taurarin ɗan'adam ne na Starlink, masu samar da intanet, na kamfanin SpaceX. Roka ɗaya kan ɗauki da dama ta sake su wuri guda, sai su yi 'yan kwanaki suna bin juna kamar ayarin raƙuma kafin kowanne ya hau zuwa mazauninsa, kimanin kilomita 500 daga ƙasa. Ba fitila gare su ba. Rana ta faɗi a wurinku, amma can sama tana haska su, shi ya sa ake ganinsu bayan magariba ko gab da asuba.

Tunda an taɓo su, bari in amsa wa masu tambayar bambancinsu da dish ɗin talabijin. Shi na talabijin yana kallon tauraron da ke nisan kilomita 35,786, wanda ke zagaye daidai da juyawar duniya, don haka a idonmu tsaye yake cak. Shi ya sa mai saitawa ke ɗaure dish sau ɗaya ya kama gabansa. NigComSat-1R na Najeriya, wanda aka harba daga Sin a Disamban 2011, irin wannan ne. Amma nisan nan yana sa saƙo ya ci fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo, abin da ke sa kiran bidiyo ya zama kana magana ana katse ka. Na Starlink kusa suke, jinkirin kaɗan ne, sai dai ba sa tsayawa, dole dish ɗinsu ya riƙa sakin wannan yana kama wancan. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki a cikinta, a Janairun 2023.

Tambaya: Ni direba ne, ina lodin Kano zuwa Maraɗi. Idan na kunna taswira ina jin tsoron data ta ƙare. GPS yana shan data sosai? Mai karatu daga Katsina.

Amsa: GPS ba ya shan ko ɗigon data, Malam direba. Wayarka saurare kawai take yi, ba ta aika wa tauraron komai. Taurarin GPS suna nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, aikinsa dare da rana shi ne shela: ga inda nake, ga lokacin da na faɗi haka. Wayar ta ji shelar aƙalla guda 4, ta auna jinkirin kowacce, ta fitar da inda kake. Saƙon yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka kuskuren kashi 1 cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya kauce da kai mita 300. Yawancin wayoyin yanzu ba na Amurka kaɗai suke saurare ba, har da Galileo na Turai, GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin.

Abin da ke shan data shi ne hoton taswirar: tituna, sunayen garuruwa, cunkoso. Ka samu Wi-Fi ko garaɓasar datar dare, ka shiga Google Maps, ka taɓa hotonka na kusurwa, ka zaɓi Offline maps, ka sauke yankin da kake bi. Ko ka tsallaka Jibiya sabis ya ɗauke, ɗigon shuɗin nan zai ci gaba da binka. Sai dai farkon kamawa yakan ɗan jinkirta idan babu data. Ka kuma riƙe caja a mota, don batir ne ke jin jiki.

Tambaya: Wani mai sayar da waya ya ce min iPhone 14 tana tura saƙo ta tauraron ɗan'adam ko babu sabis. Ƙauyenmu babu sabis, in saya? Mai karatu daga Birnin Kudu.

Amsa: Hajiya, kada ki saya don wannan dalilin. Gaskiya ne wayar tana da kayan aikin, kuma an fara amfani da shi a Amurka da Kanada a Nuwamban 2022 don saƙon neman agaji. Amma Apple ƙasa bayan ƙasa yake buɗe shi, sai ki duba jerin ƙasashen a shafinsu kafin ki fitar da ko sisi. Ko inda yake aiki ma gajeren rubutu ne, a fili, kina nuna wayar sama. Ba WhatsApp ba ne.

Tambaya: 'Yan sama jannatin nan biyu da aka ce sun maƙale a sama, ta yaya suke jin lafiyar iyalansu? Ɗaliba daga Damagaram.

Amsa: Butch Wilmore da Suni Williams kike nufi. Sun tashi ranar 5 ga Yunin 2024 a kumbon Starliner na Boeing zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa da niyyar yin kusan mako guda, kumbon ya samu matsalar injinan sarrafa shi da yoyon iskar hiliyam, aka mayar da shi ƙasa babu kowa a ciki. Sai 18 ga Maris ɗin 2025 suka sauko a kumbon SpaceX, bayan kwana 286. Tashar sararin samaniyar tana da intanet, suna kiran lambar gida ta kwamfuta, suna kuma hirar bidiyo. Tashar na nisan kilomita 400 ne kawai, amma saƙon kan fara hawa zuwa wasu taurarin NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, da ke can sama da ita kafin ya sauko.

Tambaya: Na ji an ce NASA ta gyara kwamfutar wani kumbo mai shekara kusan 50 daga nan duniya. Ni kuwa wayata shekara 3 kacal, 64GB, ta cika tana ta maƙalewa, mai gyara ya ce sai filashin ko in sayi sabuwa. Wai labarin gaskiya ne? Mai karatu daga Kumasi.

Amsa: Gaskiya ne, kuma cikin labaran sama na 'yan shekarun nan babu wanda ya burge ni kamarsa, har da saukar kumbon Indiya a wata a 2023.

Voyager 1 sunansa. An harba shi ranar 5 ga Satumban 1977, yanzu ya wuce kilomita biliyan 24 daga nan. A Nuwamban 2023 ya fara aiko da shirme: yana jin umarni, amma abin da yake mayarwa ba ya karantuwa. Injiniyoyin cibiyar JPL ta NASA da ke Kalifoniya suka yi watanni suna lalube, wani lokaci sai sun tono takardun da aka rubuta tun kafin a haifi wasunsu. Daga ƙarshe suka gano ƙwayar ma'ajiya ɗaya ce ta mutu a ɗaya daga cikin kwamfutocinsa 3, kimanin kashi 3 cikin 100 na ma'ajiyarta, kuma a ciki wani muhimmin ɓangaren manhaja yake.

Babu mai zuwa ya canza ƙwayar. Babu kuma wuri guda da zai ɗauki manhajar a dunƙule, don duk ma'ajiyar kumbon ba ta kai kilobait 70 ba. Hoto ɗaya na wayarka ya ninka ta sau 30 ko fiye. Sai suka yi abin da uwar gida ke yi idan ɗaki ɗaya ya fara yoyo: suka rarraba kayan, wannan ƙarƙashin gado, wancan saman kabad, suka kuma sake rubuta wa kowane yanki adireshin ɗan'uwansa. Ka tuna a lokacin saƙo na ɗaukar awa 22 da rabi kafin ya isa, amsa ma haka. Ka danna abu yau da safe, sai jibi za ka san ko ka gyara ko ka ɓata. Sun aika gyaran ranar 18 ga Afrilun 2024, ranar 20 kumbon ya yi magana mai ma'ana, zuwa Yuni na'urorin bincikensa 4 duk sun dawo aiki.

To, mu sauko Kumasi. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa wancan ya daɗe shi ne ba a yi ta loda masa manhajoji masu nauyi ba. Taka kuwa kowane wata manhajojinta ƙiba suke ƙarawa, ga guruf-guruf na dangi da na 'yan makaranta suna ta zuba mata bidiyo. Kafin ka yarda da filashin, wanda zai share maka komai, ka shiga WhatsApp, Settings, Storage and data, Manage storage. Zai nuna maka manyan fayiloli da waɗanda aka yi ta turowa. Na sha ganin gigabait 10 zuwa 15 sun fito daga nan kaɗai. A shafin Storage and data ɗin ka kashe saukar da bidiyo kai tsaye. Ka kwashe hotunan biki zuwa kwamfuta ko katin memori, ka goge manhajar da ka yi wata 3 ba ka buɗe ba, ka kuma zubar da kwandon shara na cikin ma'ajiyar hotuna, don abin da ka goge yakan zauna a can kusan wata guda yana cin wuri. Ka bar mata aƙalla gigabait 8 babu komai.

Idan ka yi duk wannan tana nan tana maƙalewa, ko tana mutuwa alhali caji na kashi 30, to mai yiwuwa batir ne ya gaji. Ka sa a canza shi da mai kyau, ka tsaya a yi a gabanka, ka kuma karɓi tsohon.