Doki Napoliyon ya hau ko alfadari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da tarihi a sakandare. Na nuna wa ɗalibaina zanen Napoliyon na Faransa bisa ingarman doki yana tsallake duwatsun Alps, sai wani yaro ya ce ƙarya ce. Tun ranar hankalina bai kwanta ba, ina tsoron ko abin da bai faru ba nake koyarwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Tsallakewar ta faru, a watan Mayun 1800, yana kan hanyar yaƙin Marengo a Italiya. Amma yaron bai yi ƙarya ba: alfadari Napoliyon ya hau, ɗan jagora na riƙe da linzami. Haka Paul Delaroche ya zana shi a 1850, shekaru bayan mutuwarsa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗaukar zane tamkar hoton kyamara. Kullum sai na ga masu kiran kansu masana a Facebook sun liƙa zane suna cewa "ga hujja". Hujjar me? Jacques-Louis David, mai wancan zanen dokin na 1801, bai je dutsen ba, Napoliyon ma ƙin zama ya yi a zana shi. Sarkin Sifaniya ne ya fara ba da aikin. Ki duba duwatsun ƙasan zanen, za ki ga sunan Bonaparte, wato Napoliyon, kusa da na Hannibal da Charlemagne, manyan mayaƙan da suka tsallake Alps tun kafin shi. Wannan kirari ne irin na maroƙin fada, da fenti aka yi shi.

David ɗin ya sake yi a zanen naɗin sarautar Napoliyon na ranar 2 ga Disamba 1804 a cocin Notre-Dame da ke Paris. Ya zaunar da mahaifiyar Napoliyon a tsakiya, alhali tana Roma, ba ta halarta ba. Ya ɗaga hannun Fafaroma Pius na 7 yana sa albarka, bayan da farko ya zana shi hannu bisa gwiwa. Napoliyon da kansa ya ɗora wa kansa kambi a ranar, amma a cikin zanen, matarsa Josephine yake naɗawa. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin shaidar gani da ido, farfagandar gwamnati ya haɗiye, kuma ita zai ɗura wa yara.

Kada ki daina amfani da zanen, Malama. Ki jera na David da na Delaroche a allo, ki tambayi yaran wa ya biya kuɗin kowanne, kuma a wace shekara.