Amsa ga 'yar'uwar da aka ba wa ajin yaƙi da jahilci

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa kin ce an ba ki ajin manya, wasu ko biro ba su taɓa riƙewa ba, wasu sun ɗan taɓa firamare, kina neman hanyar da za ta dace da kowa. Gaskiya hanya guda ɗaya ba za ta ɗauke su duka ba, na daɗe ina wannan aiki a Kano kuma sai da na sha wuya kafin na gane haka.

Satin farko kar ki yi saurin ɗaukar alli, zauna ki tambayi kowacce me ya kawo ta. Akwai wata mai awara a ajina da ta ce ita dai so take ta riƙa karanta alat da kanta, don sai ta nemi yaro ya duba mata kafin ta sallami mai saye, wani lokacin ma a ce an tura alhali ba a tura ba. Ita lissafi yana kanta, canjin dubu biyar kafin ki taɓa kalkuleta ta ba ki amsa, rubuta shi ne kawai ba ta iya ba. To da wayarta muka fara, lambobi tukuna, sannan sunanta, sannan sunayen masu bashinta a ɗan littafi. Ranar da ta karanta alat ita kaɗai har guɗa ta yi a aji.

Waɗanda suka yi makarantar allo kuwa, don Allah kar ki ɗauke su kamar ba su san komai ba. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani ya riga ya san baƙi da wasali, gada zuwa boko kawai yake nema. Ki rubuta ba guje, wato harafin ba na ajami, ki ajiye b a gefensa, wasali bisa shi ne a, wasali ƙasa i, rufu'a u, sai ki ga suna haɗa ba bi bu da kansu. Abin da zai ɗan ba su wahala shi ne juya hannu, za ki ga Hajiya ta buɗe littafi ta baya ta fara daga dama, ki gyara mata a hankali ba tare da kowa ya ji ba. Kuma ki bar waƙar ei bi si ɗin nan, da Hausa za ki fara, gaɓa gaɓa, tunda yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta, Turanci ya biyo baya.

Masu ɗan firamaren nan su ne masu saurin gajiya idan kika tsaya kan a e i o u. Ni nakan ba su cike fom na gwaji ko karanta katin rigakafin yara, in sun gama kowacce ta zauna kusa da wadda ke baya a karatu. Amma ki lura da wa kike haɗawa da wa, kar ki ɗora yarinya kan surukarta ko kishiya kan kishiya, na taɓa yin wannan kuskuren kuma uwargidan ba ta sake zuwa ba sai da na bi ta har gida na ba ta haƙuri. Babba in ya ji kunya a gaban mutane ba zai yi miki musu ba, kawai gobe ba za ki gan shi ba. Shi ya sa ba na kiran dattijuwa gaban allo sai ita ta ɗaga hannu.

Wani abu kuma, wadda kike ganin ba ta ganewa wataƙila ido ne, ki matso da ita gaba ki ƙara girman rubutu, in da hali a nemo tabarau. Lokaci ma ki bar su su zaɓa, nawa bayan la'asar suka fi so, da azumi mu koma safe.

Hukumar ilimin manya ta jihar Kano tun 1980 take, zamanin Abubakar Rimi, in a Kano kike ki leƙa ofishinsu ki tambayi littattafan koyon karatu. Ɗalibanki nawa ne, kuma mata ne zalla ko a haɗe suke? Faɗa min sai in nuna miki yadda nake raba awa biyun da nake yi a aji.