Hukuncin cin naman ɓaunar da ƙanƙara ta adana shekaru dubbai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai nazarin dabbobi. A darasi aka ba mu labarin wata ɓauna ta zamanin da, wadda masana ke kira Bison priscus, suna cewa ita ce kakar ɓaunar Amurka ta yanzu. An ce an tono guda a Alaska da namanta, har wasu suka dafa suka ci. Da Musulmi yana wurin, zai iya ci, tunda dangin shanu ce? Kuma mu da muke taɓa ƙasusuwan irin waɗannan dabbobi, me ke kanmu?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, labarin gaskiya ne. A shekarar 1979 masu haƙar zinare kusa da garin Fairbanks na Alaska suka ci karo da gawar wani namijin wannan dabba a cikin daskararriyar ƙasa. Fatarsa ta yi shuɗi saboda wani ma'adani da ya lulluɓe ta, shi ya sa aka laƙaba masa Blue Babe. Da farko an ƙiyasta masa shekara 36,000, gwajin da aka yi daga baya ya kai shi sama da 50,000. A 1984 masanin da ya yi aiki a kansa, Dale Guthrie, ya yanko tsoka daga wuya, aka yi farfesu da kayan lambu, shi da baƙinsa suka ci, babu wanda ya kwanta ciwo.

Jinsin dabbar halal ne, nan ba ka yi kuskure ba. Shanun daji suna cikin abin da malamai suka halatta farautarsa, kamar barewa da gwanki da ɓaunarmu ta nan. Da wannan dabba tana raye yau, mafarauci ya ambaci sunan Allah ya harbe ta, ko aka kama ta aka yanka, sai a ci.

Amma halaccin jinsi daban, halaccin wannan gawa daban. Rago ma halal ne, in ya mutu a garke ba yanka sunansa mushe. Abin da ya burge ni a wannan mas'ala shi ne, masu binciken da kansu suka kawo mana hujjar hukuncin. Sun ga sawun farata a bayan dabbar, da ramukan haƙora a fatarta, har da guntun haƙorin zaki da ya karye ya maƙale. Wato zakuna ne suka kashe ta suka ci wani sashe, sanyi ya daskarar da saura. Buɗe Suratul Ma'ida, aya ta 3. Bayan Allah Ya haramta mushe da jini da naman alade, Ya lissafo wadda aka shaƙe, da wadda aka buge, da wadda ta faɗo daga tudu, da wadda aka soke da ƙaho, sannan "wa ma akalas sabu'u illa ma zakkaitum", da abin da naman daji mai farauta ya ci, sai wanda kuka riska da rai kuka yanka. Wa ya riski wannan da rai? Saboda haka cin ta haramun ne.

Wani zai ce ai naman bai ruɓe ba. Rashin ruɓewa ba ya maye gurbin yanka. In mahauci ya sa mushe a firij, ko ya shanya shi ya yi kilishi da yaji mai kyau, mushe ne dai. Wani kuma zai kawo maganar istihala, wato rikiɗar abu zuwa wani abu daban, kamar giyar da ta koma khal, wato ruwan tsami, da kanta. To wannan bai rikiɗa ba: tsoka ce aka yanko, ƙanshin nama ya tashi a tukunya. Hadisin babban kifin da rundunar Abu Ubaida ta tsinta a gaɓar teku ta ci shi ma bai shigo nan ba, domin mushen ruwa da fara su aka keɓe. Larura kuwa ta wanda yunwa za ta halaka ce. Masu liyafar 1984 sha'awa ce ta kai su.

Batun ƙashi da ƙaho akwai saɓani. A mazhabar Malikiyya najasa ne idan na mushe ne. Ibn Abi Zaid a Risala ya halatta amfani da gashin mushe, ya hana ƙahonsa da kofatonsa da haurensa, fata kuwa ya ce in an jeme ta a yi amfani da ita, amma ba a salla a kanta, ba a sayar da ita. Hanafiyya suna ganin ƙashi da ƙaho masu tsarki ne saboda jini ba ya gudana a cikinsu, Ibn Taimiyya ma a nan ya tsaya. Suna ƙarfafa wannan da hadisin tunkiyar da ta mutu a gidan Maimuna, inda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce cin ta kaɗai aka haramta. Ni wannan ra'ayi ya fi kwanta mini a kan busasshen ƙashin da ya daɗe haka, wanda babu maiƙo ko danshi a jikinsa. Wanda ya riga ya zama dutse kuwa, hukuncinsa na dutse ne.

Ko a ra'ayin masu tsanantawa, taɓa najasa ba ya karya alwala. Ka sa safar hannu, in danshi ya taɓa ka ko rigarka ka wanke wurin, ka yi sallarka. Kada dai ka shiga salla da guntun ƙashi a aljihu, don fita daga saɓani.

Cewar ita ce kakar ɓaunar Amurka, magana ce ta bincike a kan dabbobi: garkunanta sun tsallaka daga Saiberiya zuwa Alaska lokacin da ƙasa ta haɗe wuraren biyu, zuriyarsu ta sauya kama a can. Wannan bai ci karo da wani nassi ba. Kai ma ka ga bambancin bunaji da rahaji, duk kuwa shanu ne. Ka ci gaba da karatunka, Allah Ya yi maka albarka.

Wallahu a'alam.