Hitar da ke busa sanyi, da mutumin da ya ci gumina

Ka ce motar da aka kawo jiya hitarta na busa iska amma iskar sanyi ce, ka murɗa maɓallin har ƙarshen ja ba ta canza ba, kana tambaya ko ka fara kwance dashbod. Ajiye sukundireban nan tukuna. Da wani abu daban ka tambaya, da na ce je ka gano da kanka, don aiki ya yi mini yawa. Amma wannan tambayar ta fama mini wani tsohon miki, saboda haka zauna ka ji.

Hitar motar fetur ko dizal ba ta da wutar kanta, zafin inji take ara. Ruwan da ke zagaya inji yana kwashe zafi, shi ne ke bin tiyo biyun nan da suka huda bangon da ke tsakanin inji da mazaunin direba, ya shiga wani ɗan ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod. Fanka ta busa iska ta jikinsa, iskar ta fito da ɗumi. Tun da ka ce iska na fitowa, zancen fanka da fiyus ya mutu, ba zan ɓata yawuna a kansu ba. Duba ruwa a lagireto kuwa, in har sai na koya maka shi yanzu, to ka nemi wata sana'ar. Abin da ya rage shi ne ko ruwan bai yi zafi ba, ko bai isa wurin ba, ko ya isa amma iska ba ta bi ta kansa. Tafin hannunka a kan tiyon nan biyu zai gaya maka wanne ne, tun ba ka kwance noti ko ɗaya ba.

Duk wannan na san shi lokacin da abin ya same ni, shi ya sa har yau yake ci mini rai.

Ban daɗe da buɗe garejina ba, ana tsananin sanyi, wani mutum ya kawo mota. Mai tsafta, mai daɗin baki, Oga kaza Oga kaza. Ya ce motarsa lafiya lau take kamar agogo, hita ce kawai ba ta ɗumi, yaransa na shan sanyi da safe. Na tayar da inji, na bar shi ya yi zafi, na taɓa tiyon. Tiyon shiga da zafi, na fita kuwa da ƙyar za ka ce da ɗumi. Na ce a raina ƙaramin lagireton ya toshe, magana ta ƙare. Na cire tiyon biyu, na tura ruwa ta wajen fita don ya koro dattin baya. Sai ga wani taɓo ruwan ƙasa yana fitowa, mai yauƙi, da 'yan ƙyalli-ƙyalli a cikinsa. Tsatsa ba ta ƙyalli, yaro. Wannan maganin toshe yoyo ne da ake zubawa a lagireto, kuma ba wanda ke zuba shi sai wanda ruwansa ke ɓacewa. Na tambaye shi, ya rantse bai taɓa zuba komai ba, ya ce wataƙila wanda ya sayar masa ne. Na yarda. Na wanke duk hanyar ruwan tas, na zuba sabo, hita ta kawo wuta, ya tafi yana sa albarka.

Kashegari ya dawo, sanyi ya dawo. A nan ya kamata in tsaya in tambayi kaina abin da ke korar ruwa daga wurin da na wanke jiya. Amma ina da zafin kai, ina so a ce sabon garejin nan ba a kawo abin da ya gagare shi. Na kwance dashbod ɗin gaba ɗaya. Kwana biyu cur ina kwance a ƙasan sitiyari, na sauke sitiyarin, na zare wayoyi, na fitar da iskar gas ɗin na'urar sanyaya, na ciro akwatin. Na sayo sabon ƙaramin lagireto da kuɗina, don ya ce in haɗa lissafin duka zai biya a ƙarshe. Na mayar da komai, ko ƙusa ɗaya ba ta saura a hannuna ba. Ya karɓi makulli ya ce zai gwada ta kwana biyu ya kawo kuɗi.

A kwana na uku aka jawo motar da igiya. Ta tafasa a kan babbar hanya, bai tsaya ba sai da inji ya mutu da kansa. Ya zo da mutane huɗu, yana ɗaga murya a tsakiyar gareji, a gaban masu motocin da nake nema su saba da ni, wai ya kawo mota lafiya don gyaran hita na kashe masa inji. Me zan ce? Hannuna ne na ƙarshe a kan ruwan motar, kowa ya gani.

Da na ɗaga kan injin na ga gaskiya da idona. Gasket ɗin, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone tsakanin silinda ɗaya da ramin ruwa, ƙuna tsohuwa, baƙa, ba ta jiya ba. Kan fistin ɗin wannan silindar fes yake kamar an wanke shi da sabulu, sauran ukun kuwa da baƙin hayaƙi kamar yadda aka saba. Tururi ne ke wanke fistin haka, kuma ba a kwana uku yake yi ba. Na buɗe gidan tamostat, ɗan ƙyauren da ke hana ruwa zuwa babban lagireto sai inji ya yi zafi, wayam, an cire shi tuntuni don kada gejin zafi ya tona asiri. Maganin da ya zuba shi ne ke ɗan riƙe da yoyon, ni kuma da na wanke hanyar ruwan na ɗauke shi, ramin ya buɗe sosai. Na nuna wa mutanen duk wannan, amma wanda bai san inji ba ina ruwansa da launin fistin? Aka ce in yi haƙuri. Ni na biya kuɗin goge kan injin da ya lanƙwashe, ni na sayi gasket da tamostat, aikin kyauta, ƙaramin lagireton nan kuma ko sisi bai ba ni ba. Kuɗin da nake tarawa in sayi kwampreso suka tafi, har babban jak ɗina sai da na sayar. Bayan wata biyu wani abokin sana'a ya ga motar ya gane ta, ya ce shi da bakinsa ya gaya wa mutumin gasket ɗinsa ya tafi tun kafin sanyi ya shigo, ya ƙi gyarawa. Ashe nema yake wanda zai ɗora wa, ya samu sabon shiga. Na yafe wa mutane da yawa bashi a sana'ar nan, amma wannan duk ranar da na ji an ce hita sai fuskarsa ta faɗo mini.

Ga yadda abin yake. Idan gasket ya huje, iskar da ke ƙonewa a silinda tana kutsawa cikin ruwa. Iska sama take nema, ƙaramin lagireton nan kuwa a motoci da yawa yana daga cikin wurare masu tudu a hanyar ruwan, sai ta taru a can ta tare hanya. Tana kuma tura ruwan waje ta murfin lagireto, ruwa ya ragu, hita ce ta farko da za ta rasa rabonta. Saboda haka in ka ga hita ta koma sanyi geji kuma na hawa, kashe inji nan take. Kada ma gejin ya ruɗe ka, don in ruwa ya yi ƙasa sosai har bai taɓa na'urar auna zafin ba, zai iya nuna maka lafiya alhali inji na dahuwa.

Gwajin ba ya cin minti goma. Inji na sanyi ƙalau, ka buɗe murfin, ka tayar, ka zuba ido. Kumfa ɗaya biyu iska ce da ta maƙale, za ta ƙare. Kumfar da ke tasowa ba ƙaƙƙautawa, tana ƙaruwa in an taka totur, wannan daga silinda take. Ko ka rufe murfin ka tayar, in babban tiyon saman lagireto ya yi tauri kamar dutse tun inji bai ɗumama ba, ba zafi ne ya kumbura shi ba. Ga kuma ruwan gwajin nan shuɗi da ke cikin akwatina, in ya shaƙi hayaƙin fetur sai ya koma rawaya. Ka duba salansa ko da farin hayaƙi mai ƙanshin zaƙi, ka duba ƙasan murfin baƙin mai ko ya yi fari kamar madara. Murfin lagireto mai zafi kuwa ba a buɗe shi, ruwan a matse yake sosai, ya wuce zafin tafasa, fatar fuska yake ɗauka.

Sauran duk ƙananan abubuwa ne. In tiyon biyu ɗumi-ɗumi suke, geji bai kai tsakiya ba, yana ma sauka in an hau babbar hanya, tamostat ya maƙale a buɗe ko wani gwani ya cire shi. Yawancinsu suna buɗewa tsakanin digiri 80 da 90 da 'yan kai, lambar na rubuce a jikinsa, ka jefa shi a ruwan zafi ka gani. Masu cire shi su jefar ba gyara suke yi ba, inji an yi shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90, ƙasa da haka mai yake sha yana cin kansa. In hita na ɗumi idan an taka totur, ta huce a silo, wato in an saki totur, ruwa ya yi ƙasa, ko iska ta maƙale, ko fukafukan famfon ruwa sun cinye saboda shekara da shekaru ana zuba ruwa zalla maimakon rabin ruwa rabin kulan, ruwan maganin nan na sanyaya inji. In duka biyun da zafi sosai amma ciki sanyi, ruwa ya yi nasa, ƙyauren da ke karkatar da iska ne bai motsa ba. A tsofaffin motoci waya ce ke jansa, a sababbi ɗan injin lantarki ne mai haƙoran roba, za ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas in ka murɗa maɓalli. Shi ma sau da yawa ta ƙasa ake kai masa hannu, ba sai an tuɓe dashbod ba. Kuma ka leƙa da kyau, ko wani ya riga ya haɗe tiyon biyu da juna saboda ƙaramin lagireton na yoyo a kan kafet.

Ku yaran yanzu matsalarku gaggawa. Kun kalli wani a waya yana zare dashbod cikin minti biyar, an yanke wahalar an bar muku daɗin, sai hannunku ya fara ƙaiƙayi. Ko ku jona kwamfuta, in ba ta nuna lamba ba ku tsaya kuna kallona. Mu da aka hana mu taɓa sifana sai da muka shekara muna wanke noti, da hannu da hanci da kunne muka koyi inji.

Tashi ka je ka taɓa injin nan ka ji ko ya huce. Ka kira mai motar ya zo ya tsaya a gefenka, ka tambaye shi ko ya taɓa zuba wani abu a lagireto, ka kuma lura da fuskarsa in yana amsawa. Kada ka wanke komai, kada ka ƙara ruwa. In ka buɗe murfin, kira ni kafin ka tayar, ina so in ga kumfar da idona.