Ruwan Ikko ba irin na Yawuri ba ne

Ɗana, saƙonka ya iso. Na karanta shi a majalisarmu ta Agege bayan sallar isha'i, aka yi ta dariya, kada ka ji haushi. Duk wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Legas, abin da yake tambayarmu bai wuce kuɗin hayar ɗaki da inda ake sayar da tuwo mai kyau ba. Kai kuwa ko jakarka ba ka ɗaure ba, sai cewa kake: Kawu, ina zan sami ƙungiyar masu tuƙa kwale-kwale? Wani dattijo a cikinmu ya ce a ƙyale ka, wanda ya tashi a Yawuri yana kallon Rigata, bikin tseren kwale-kwale, a bakin kogin Kwara ba ya iya zama nesa da filafili.

Mu Hausawan Ikko dai mun ba ruwa baya, kuma da dalili. Kakanninmu ta tudu suka zo. Tun da layin dogo ya isa Kano a 1911, shanu ke gangarowa, goro ke haurawa, mutanenmu suka yi zango a inda jirgin ƙasa da manyan motoci ke sauke kaya. Shi ya sa za ka same mu a Agege, da Idi-Araba, da Mile 12, da Alaba Rago, da Obalende ta tsofaffin sojoji da ƴan sanda. Akwai wanda aka haifa a nan, ya yi furfura a nan, bai taɓa sa ƙafa a jirgin ruwa ba. Kullum yana bi ta gadar Third Mainland, kusan kilomita 12 a kan ruwa, yana hango hayaƙin Makoko da kwale-kwalen masunta a ƙasa, amma a wurinsa kamar a talabijin ne.

Kulob kam akwai su, tsofaffi ma. Lagos Yacht Club tun 1932 take, can kusa da Dandalin Tafawa Balewa, ta masu jiragen da iska ke turawa. Lagos Motor Boat Club tana titin Awolowo a Ikoyi tun 1950, a bakin ruwan Five Cowrie da ya raba Ikoyi da Victoria Island, su nasu masu inji ne. Akwai wata a Apapa, sojojin ruwa ma suna da tasu a Navy Town da ke Ojo. Sai dai irin waɗannan wurare ba a shigarsu da sallama a bakin ƙofa. Ɗan ciki ne zai kai sunanka, wani ɗan cikin ya mara masa baya, sannan a zauna a duba ka, sannan a zo maganar kuɗi, wanda ba na ƙaramin ma'aikaci ba ne.

Kada wannan ya ba ka mamaki, don mu ma haka muke. A zamanin goro baƙo ba ya sauka sai a gidan fatoma. Shi zai ba shi ɗaki, ya haɗa shi da mai kaya, ya tsaya masa in bashi ya shiga tsakani. Har gobe ba ka samun rumfa a Mile 12 sai wani ya ce "na san shi, na san ubansa". Abin da Turawa suka rubuta a takardar kulob ke nan, mu a baki muke yinsa. To ta nan za ka bi. Ranar Juma'arka ta farko zan kai ka ka gai da manya, mu leƙa fadar Sarkin Hausawa, ka faɗi garinku da wurin aikinka, ka kuma faɗi abin da kake nema ba tare da kunya ba. Maganar za ta yi tafiya da ƙafarta. Ƴan canji sun san masu kuɗi, masu fito da kaya a Apapa sun san mutanen ruwa, kuma kada ka raina mai gadi da mai tsire na bakin titin Ikoyi. Su suka san wane alhaji ne ke da jirgi, wane ne ke fita ran Asabar, wane ne ke neman yaro mai hankali da ya iya ruwa. Ta bakin mai gadi na ga an sami abin da takardar neman izini ba ta samar ba. Abu ɗaya kawai, irin wuraren nan ba sa rasa wurin shan giya. Namu da ke zuwa sukan je da rana, su yi abin da ya kai su, su sha lemo, kafin magariba sun kama hanya.

Amma ni da na san ka, ban ga alamar kujerar fata da ƙarar inji kake kewa ba. Filafili kake kewa, da zufa, da gardamar wa ya riga wa isa gaɓa. In haka ne, sai ka nemi masu ruwan: Egun, da Ilaje, da Ijo. Su ne Sarkawan nan. Yaronsu ɗan shekara bakwai yana tuƙa jirgi a tsaye yana cin rake. Kowace mashiga da ka gani tana da mai ita, akwai baale, wato mai unguwa, akwai shugaban masu jirage, ba a tura kwale-kwale cikin ruwa haka kawai don an ga ba shinge. Ka je da wanda suka sani, ka ce musu "e ku ise", sannu da aiki ke nan, ka miƙa goro. Za su kira ka Aboki ko Malam, ka amsa, mu mun shekara hamsin muna amsawa. In suka ga yadda ka riƙe filafili, sauran bayanin ya ƙare. Akwai kuma masu ba da hayar ƙananan kwale-kwalen roba a wajajen Ikoyi da Lekki, na awa ɗaya ko biyu, samari ƴan boko ne ke zuwa, kana iya samun abokai a cikinsu.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Kwara gaba ɗaya ta sa, ka san inda ta fito, ka san inda za ta. Ruwan nan ba kogi ba ne. Yarbawa suna da suna biyu, okun shi ne teku, osa shi ne wannan shimfiɗaɗɗen ruwa da ke bayan gari, kuma teku ke juya shi. Sau biyu a yini da dare yana cika, sau biyu yana janyewa, wajen awa shida-shida. Ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, don haka lissafin watan da kake yi don azumi zai yi maka amfani a nan.

Ni da kaina na ɗanɗana. Shekarun baya wani abokina mutumin Argungu, mai cika bakin cewa shi ya yi kabanci, wato wasannin ruwa, a kogin Matan Fada, ya ja ni muka ɗauki hayar jirgi a wani lungun ruwa bayan Apapa. Mai jirgin ya yi ta nuna mana rana yana wata magana, muka ɗauka ƙarin kuɗi yake nema. Muka shiga wani ɗan rafi tsakanin itatuwa, muka tsaya cin gyaɗa. Kafin mu ankara ruwa ya zare jiki, jirgi ya zauna daram a kan baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Abokina ya zura ƙafa ɗaya, ta nutse har gwiwa, ya zaro ta babu takalmi. Ƙananan ƙaguwa suka fito suna yawo kewaye da mu, sauro ya samu walima. A zaune muka yi la'asar cikin jirgi. Wasu yara suka zo can nesa suna nuna mu suna riƙe ciki, sai dab da magariba ruwa ya dawo ya ɗaga mu. Har yau in na ce masa Sarkin Ruwa sai ya canza zance.

Ban da wannan akwai wata irin kainuwa mai shuɗin fure da ke rufe ruwa a ƙarshen damina, musamman ta wajen Ikorodu, ita da leda su ke naɗe farfelar inji. Akwai jiragen haya masu gudu, igiyar da suke bari a baya tana iya kifar da ƙaramin kwale-kwale. Hanyar manyan jiragen Apapa kuwa ko kusa kada ka je. Rigar ruwa dole ce, kuma ba a tafiyar dare. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jiha, LASWA, wadda aka kafa a 2008, da ta tarayya, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, duk suna sa ido a kan haka. Na san za ka ce kai ka iya iyo. Sa rigar dai.

Shawarata, wata guda na farko kada ka taɓa filafili. Ka riƙa shiga jirgin haya daga Ikorodu zuwa Ebute Ero ko CMS, ka zauna kusa da direba, ka ga inda yake rage gudu da inda yake kaucewa, ka tambaye shi dalili. In kuma kogin gaske ranka ke so, mai gangara gaba ɗaya, akwai Ogun, yana bi ta gefen kasuwar shanu ta Kara a hanyar Ibadan, inda mutanenmu suke cike. Shi ma ka kiyaye shi lokacin da aka saki ruwan dam ɗin Oyan, don har cikin unguwanni yake shiga.

Ka gaya mini ranar da za ka taso da motar da za ka hau. Ka taho da filafilinka, na nan ba lallai su yi maka daidai a hannu ba, kuma ka ce wa mahaifiyarka ban yafe busasshen kifin da ta yi mini alkawari ba. Asabar ɗin farko zan raka ka Ojo, akwai wani mai sayar da raguna a Alaba Rago da ya san masu jirage na wajen. Ni dai a gaɓa zan tsaya in riƙe maka takalmi.