In kamfani ya saki tsohon sistem, wa ke riƙe shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran kwamfuta ne a Yamai, shagona yana wajen kasuwar Katako. Muna da ƴar ƙungiya ta masu wannan sana'a. Abin da ya dame mu shi ne Windows XP. Akwai masu injin yanka sitika, da masu keken surfani na kwamfuta, da ƙananan maɗaba'u, waɗanda injinansu ba sa jin maganar kowa sai XP. Na ji an ce a ƙasashen waje akwai mutanen da suka riƙe tsofaffin sistem bayan kamfanoninsu sun watsar, suna ta gyara su da kansu. Ta yaya suke yi? Mu ma za mu iya yi wa XP haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Labarin da ka ji gaskiya ne, amma XP dai ba zai riƙu a hannunku yadda nasu ya riƙu ba, kuma ba don sun fi ku kai ba ne. Asalin rubutun XP, wato layukan da injiniyoyi suka rubuta kafin a dunƙule su su zama abin da ke kan faifai, yana hannun Microsoft, ba ta kuma sake shi ba. Ta daina fitar masa da gyara ranar 8 ga Afrilu 2014, in ban da ɗan facin gaggawa irin wanda ta yi a 2017 lokacin da cutar WannaCry ta addabi duniya.

Kai da ke Katako ka san yadda ake raya tsohuwar Fijo 504. In wani ƙarfe ya ci, a kwance shi, a auna, maƙeri ya ƙera irinsa. Manhajar da ba a saki rubutunta ba mota ce da aka like bonet ɗinta da walda: za ka tuƙa ta, za ka wanke ta, amma ranar da injin ya yi tari sai dai ka tsaya kallo. Shi ya sa duk jama'ar da ta raya wani tsohon sistem, abin da ta fara warwarewa shi ne a hannun wa rubutun yake, kuma lasisinsa ya yarda a taɓa shi ko bai yarda ba.

Wasu da suka ga ba za a ba su ba, sai suka zauna suka rubuta nasu daga farko. Wanda ka fi sani a cikinsu shi ne FreeDOS, wannan baƙin allo da kake tararwa a kan wasu sababbin kwamfutocin hannu da aka sayar ba Windows, kana gogewa ba tare da ka waiwaya ba. Wani ɗalibi ne a Amurka, Jim Hall, ya yi shelar aikin a watan Yunin 1994, da ya ga Microsoft na shirin barin MS-DOS. Sai a 2006 fitowa ta 1.0 ta samu, shekara 12 ke nan, kuma har a 2025 sun fitar da ta 1.4. FreeDOS ya yi sa'a ta fuska ɗaya: DOS ƙaramin abu ne, kuma ya daina motsi, don haka masu kwaikwayonsa sun san inda za su tsaya.

Haiku ya fi shi wuya, kuma a ganina shi ne ya fi cancanta ku nazarta. Kamfanin Be, wanda wani Bafaranshe tsohon ma'aikacin Apple, Jean-Louis Gassée, ya kafa a 1990, ya yi wani sistem mai sauri ƙwarai da ake kira BeOS. Kasuwa ta ƙi, a 2001 aka sayar da kadarorin kamfanin ga Palm a kan dala miliyan 11 na Amurka, rubutun ya tafi da su. A wannan shekarar ce masu son BeOS suka fara sake gina shi da sunan OpenBeOS, suka sauya masa suna zuwa Haiku a 2004. Dabarar da suka yi tana da kyau: ba su ce sai sun gama komai kafin a ga amfani ba. Sun riƙa cire gaɓa ɗaya daga tsohon BeOS suna sa tasu a gurbinta, su ga ko jikin zai karɓa. Fitowar gwaji ta farko ta zo a 2009, ta matakin beta kuma sai a 2018. Har yau nau'insu na 32-bit yana ɗauke da tsohon GCC 2, manhajar da ke dunƙule rubutu, don kawai shirye-shiryen da aka yi wa BeOS tun wancan zamani su ci gaba da tashi.

Yanzu ga wanda ya shafe ka kai tsaye. ReactOS ƙoƙari ne na rubuta sistem da zai karɓi shirye-shirye da direbobin Windows (direba ƴar manhaja ce da ke sa sistem ya iya magana da wata na'ura), kuma abin da suka sa a gaba shi ne Windows Server 2003, ɗan ɗakin su XP. An fara da wannan suna a 1998. Har gobe masu aikin da kansu suna ce masa alfa, ma'ana kada ka ɗora masa abincinka. Dalilin jinkirin shi ne ba su da izinin leƙa rubutun Microsoft. Sai dai su tsaya daga waje su ga in an ba Windows kaza me yake mayarwa, su rubuta abin da zai yi daidai da haka, alhali akwai dubban halaye da ba a taɓa rubuta bayaninsu a ko'ina ba. A 2006 aka yi zargin cewa wani yanki na rubutunsu an samo shi ta hanyar da ba ta dace ba, dole suka tsayar da aiki suka bi layukan suna tantancewa. Saboda haka in wani ya ce maka ai rubutun XP ya fita a intanet tun 2020, ku ɗauko ku gyara, kada ka saurare shi. Ya fita, amma ta hanyar sata, kuma wanda ya karanta shi ya rufe wa kansa ƙofa, don ReactOS da Wine, manhajar da ke tafiyar da shirye-shiryen Windows a kan Linux, ba sa karɓar aikin wanda ya ga wannan rubutu.

Akwai waɗanda mai abu ya sakar musu. RISC OS na Ingila, wanda kamfanin Acorn ya fara a 1987, an buɗe shi da lasisin Apache a 2018, yau yana tafiya a kan ƴar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi. Da Oracle ta saye Sun a 2010 ta rufe OpenSolaris, injiniyoyi suka ɗauki abin da aka riga aka saki suka ci gaba da sunan illumos, ba wanda ya isa ya ƙwace.

Na OS/2 kuwa shi ne ya fi kama da halin da kuke ciki. IBM da Microsoft suka fitar da shi tare a 1987, ya yi zamani a injinan cirar kuɗi na bankuna, IBM ta janye tallafinta a ƙarshen 2006. Masu amfani da shi sun tara sa hannu a 2005 da 2007 suna roƙon a buɗe rubutun, IBM ta ƙi, kuma cikin dalilan akwai cewa ba duka ne nata ba. To yau yana raye da sunan ArcaOS, wanda kamfanin Arca Noae ke sayarwa tun 2017 da izinin IBM, amma cibiyar sistem ɗin a kulle take. Abin da jama'arsa ke yi shi ne gini a kewaye: su ɗauko buɗaɗɗun shirye-shirye da direbobi daga duniyar Linux da BSD, wato buɗaɗɗun sistem, su daidaita su. Suna iya ƙoƙarinsu, har sun sa shi tashi a kan UEFI, tsarin da sababbin kwamfutoci ke tashi da shi, a 2023, sai dai kullum akwai bangon da ba su da ikon fasawa, kuma kullum sai an biya kuɗin lasisi.

In ka duba dukansu, abu biyu ne ke cin ƙarfinsu, kuma ba ɗayan da ke da daɗin yi. Na farko direba. Kowace shekara ana fito da sabon katin Wi-Fi, sabon katin hoto, sabon nau'in faifai, kuma masu ƙera su Windows suke rubuta wa direba, in an yi sa'a da Linux. Mutum goma ko ashirin masu aikin sa kai ba za su iya bin wannan gudu ba. Haiku ta yi wayo a nan: maimakon ta rubuta direban kowane kati, sai ta rubuta wata shimfiɗa da ke sa direbobin sadarwa na FreeBSD da OpenBSD su zaci a gida suke. Wannan ba zai yiwu ba sai don lasisin waɗancan ya yarda a ɗauka. Na biyu burauza. Kai ma ka gani a kan XP: kwamfuta lafiya lau, amma shafi ya ƙi buɗewa, yana cewa takardar shaidarsa ba ta inganta ba. Da yawa sun fara ganin haka bayan 30 ga Satumba 2021, ranar da wa'adin wata tsohuwar takardar tushe da Let's Encrypt, ƙungiyar da ke ba shafuka takardar shaida, ta dogara da ita ya ƙare. Burauzar zamani ta fi wasu sistem ɗin girma gaba ɗayansu, kuma duk wata sai ta sauya. Jama'ar da ta rasa mai bin wannan sauyi, mutanenta sukan watse a hankali, ko da sauran komai na aiki.

Sai kuɗi. Ana yawan cewa aikin kyauta ne, amma kyautar tana da iyaka. Aikin da ke da ban sha'awa ana samun mai yi da dare bayan ya taso daga ofis. Wanda ba shi da daɗi, kamar bin wani kuskure da ke kashe kwamfuta sau ɗaya a mako, sai an biya. Haiku ta kafa ƙungiya mai rajista tun 2003 don karɓar gudummawa, kuma sai a 2021 ta iya ɗaukar mutum ɗaya ya zauna kan aikin na dogon lokaci. Mutum ɗaya, bayan shekara 20 da fara aikin. Jama'ar RISC OS kuma sukan sa lada a kan wani takamaiman aiki, mutane su yi ta zubawa har ya kai, wanda ya yi ya ɗauka.

To ku fa? Shawarata ku raba matsalar biyu, don injin surfani da kwamfutar shiga intanet ba ciwo ɗaya ke damunsu ba.

Kwamfutar da ke tuƙa inji, ku bar mata XP ɗinta, amma ku cire ta daga intanet kwata-kwata, kuma kada a riƙa soka mata kowane kile USB da mai ciniki ya zo da shi. A buɗe fayil ɗin a wata kwamfuta tukuna. Ku ɗauki hoton faifanta gaba ɗaya da Clonezilla tun tana lafiya, ku ajiye kwafi biyu a wuri biyu. Ranar da faifan ya mutu, cikin awa ɗaya mai shago ya koma aiki. Ku riƙa tara allunan uwa masu tsohuwar kafar firinta mai ramuka 25, don yawancin injinan nan ta nan suke magana, kuma sababbin kwamfutoci sun daina zuwa da ita. Ƙurar hunturu da zafin Afrilu da Mayu su ke kumbura kondansatoci, ku fi ni sanin wannan. Injin da ke amfani da USB kuwa, gwada sa XP cikin VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da sistem a cikin wani sistem, a kan sabuwar kwamfuta, a miƙa masa kafar. Wani inji yana yarda, wanda ke da ɗan makullin lasisi da ake sokawa a baya yakan yi gardama.

Tsohuwar kwamfutar da ake so don rubutu da intanet, a sa mata Linux marar nauyi. A lura dai, nau'in Linux ɗin nan Debian 13 da ta fito a 2025 ta daina ba injin 32-bit cikakken matsayi, don haka irin su antiX za ku nema.

Inda ƙungiyarku za ta shiga sahun waɗancan mutane da gaske shi ne gwaji. Abin da kuke da shi jibge a shago, tsofaffin Dell da HP da Lenovo iri-iri da injinan da ba kowa ke da su ba, shi ne abin da mai rubuta direba a Jamus ko Rasha ba ya iya tarawa a ɗakinsa. Ɗauki kwamfutar da ba ta kowa ba, sa mata ReactOS, gwada direban injin yanka sitika. In ya ƙi, kada a tsaya a "bai yi ba". A rubuta sunan kwamfutar, da lambar fitowar sistem ɗin, da lambobin na'urar, waɗannan guda huɗu-huɗu da ke nuna maƙeri da samfuri (8086 na Intel ne, misali), da matakin da aka bi ɗaya bayan ɗaya har abin ya tsaya, a haɗa da hoton allo. A Haiku umarnin listdev da listusb suna fitar da lambobin nan take. Rahoton da aka rubuta haka shi ake iya aiki da shi, kuma in aka ce a sake gwadawa bayan wata biyu, a samu wanda zai amsa. Yawancin rahotanni a nan suke mutuwa, mai kai ƙara ya ɓace.

Da Ingilishi ake yawancin wannan mu'amala, mu kuwa nan Faransanci muka yi a lakkol, saboda haka ku nemi ɗalibi ɗaya ko biyu daga Jami'ar Abdou Moumouni su zama bakinku. Su ma akwai ribarsu: Haiku da ReactOS sun sha shiga shirin Google Summer of Code, inda ake biyan mai koyo ya yi wata uku yana rubutu ƙarƙashin wani gwani. Fassara allon sistem zuwa Hausa ma aiki ne da ba ya buƙatar iya rubuta manhaja, sai dai ku zauna ku daidaita kalmomi tukuna, kada mutum biyar su ba abu ɗaya suna biyar.

Kafin duk wannan, ku sayi babban faifai ɗaya da kuɗin ƙungiya, ko jika-jika kuka tara. Kowa ya kawo faifan direban da ke cikin durowarsa, a kwafe, a rubuta sunan injin da samfurinsa da sistem ɗin da aka gwada shi a kai, da sunan wanda ya gwada. Kamfanonin injinan nan suna goge tsofaffin direbobi daga shafukansu ba sanarwa, wasu ma kamfanin ya rufe, kuma faifan CD da ya sha zafin Yamai shekara 15 ba kullum yake karantuwa ba. A ajiye kwafi na biyu a shagon wani dabam.